Yawon Sallah a Dam ɗin Tiga: Halaccin shan iska da haƙƙin da rai yake da shi

A Juma'ar ƙarshe ta azumin da ya gabata, wani dattijo daga cikin masu sahun gaba ya tare ni a ƙofar masallaci bayan an sallame. Ya ce: "Malam, jikokina sun matsa mini lamba, wai su bana ba gidan zu za su je ba, Tiga suke so a kai su su ga ruwa. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Shin wannan yawon yana da gurbi a addini, ko sharholiya ce kawai?" Na ce masa: "Baba, tambayarka guda ce, amma amsarta biyu. Zuwan halal ne, ba ni da shakka a kai. Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne yadda za a je da yadda za a dawo." Muka rabu a kan zan yi masa bayani a rubuce, domin na san ba shi kaɗai ne magidancin da wannan tambaya take damu ba.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, madatsar ruwa ta Tiga tana kudu da birnin Kano da kimanin kilomita 70, a yankin Ƙaramar Hukumar Bebeji. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel. An tare Kogin Kano ne da bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, ruwan ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, kuma idan ya cika yana ɗaukar ruwa da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga nan ake sakin ruwan da ke bin babbar hanyar ruwa zuwa Ruwan Kanya, ya gangara gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatir da shinkafa da alkamar da ake ɗorawa a motoci a gefen titin Zariya, da yawansu ruwan Tiga suka sha. Wani kaso na ruwan famfon birnin Kano ma daga wannan kogi ake ɗebo shi. Saboda haka wanda ya tsaya a bakin ruwan nan yana kallon abincinsa da abin shansa ne tun kafin su iso gidansa.

Tun farko an yi tanadin wurin har da masu yawon buɗe ido, shi ya sa aka gina otal a kan dutse yana fuskantar ruwan. A yau ma, duk lokacin Sallah ko hutun makaranta, za ka iske motocin haya cike da matasa, da ɗaliban makarantun boko da na Islamiyya, da magidanta da iyalansu, an shimfiɗa tabarmi, ana cin soyayyen karfasa da tarwaɗa, masu kwale-kwale suna kiran fasinja.

Shan iska ba baƙo ba ne a Sunna

Akwai masu ganin cewa duk wani fita da ba ta neman abinci ko ilimi ko zumunci ba, ɓata lokaci ce. Wannan tsanani ne da ba a ɗora mana ba. Sahabi Hanzala, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taɓa zargin kansa da munafunci saboda ya lura cewa halin da yake shiga a majalisin Manzon Allah (SAW) yana sauyawa idan ya koma cikin iyali da dukiya. Manzon Allah ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa kowane hali yana da lokacinsa. Imam Muslim ne ya ruwaito wannan. Haka nan ya tabbata cewa a ranar Idi Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallaci, Nana A'isha tana kallo daga bayan Manzon Allah har sai da ta gaji don kanta.

Ruwayar da ta fi zuwa mini a rai duk lokacin da na zauna a bakin ruwa ita ce ta Abu Musa al-Ash'ari a cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya shiga wani lambu a Madina, ya zauna a bakin rijiyar Aris, ya zura ƙafafunsa a ciki. Sayyidina Abubakar ya zo ya zauna a damansa ya yi yadda ya yi, Sayyidina Umar ya zo ya zauna a hagunsa. A wannan zama ne aka yi musu bushara da Aljanna, su da Sayyidina Usman. Mafi alherin wannan al'umma ke nan, zaune a inuwa, ƙafafu a rijiya.

Ita kanta madatsar ruwa abar lura ce. Suratu Saba'i ta ba da labarin mutanen da aka wadata da gonaki dama da hagu, suka butulce, aka saki musu ambaliya. Malaman tafsiri sun bayyana cewa madatsar Ma'arib ce ta ƙasar Yaman ta ɓalle, kuma kufanta yana nan har yau. Musulmin farko ma sun gina madatsu: kusa da Ɗa'ifa akwai wadda aka rubuta sunan Mu'awiya ɗan Abu Sufyan a jikin dutsenta, da shekara ta 58 bayan Hijira. Mu ma nan ba mu rasa abin tunawa ba. A hanyar zuwa Tiga ake wuce Bagauda, wadda madatsarta ta ɓalle a watan Agustan 1988, kuma ba a daɗe ba da ganin abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Uban da ya kai 'ya'yansa bakin dam ya ba su waɗannan labarai a tsaye a kan bangon, ya koyar da su darasin da ba za su manta da shi ba kamar yadda suke manta na allo.

Abin da ruwan dam yake ɓoyewa

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na ce wa dattijon nan kada ya yi barci.

Ranar 30 ga Nuwamban 2021, wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka ruwan madatsar Watari zuwa Bagwai. Mafi yawan waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, yara ƙanana, za su halarci taron Maulidi. Jirgin ya kife, aka tsamo gawarwaki aƙalla 29. Bayanan da suka fito daga baya sun nuna cewa an yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. Waɗannan yara ba shagala ta kai su ba, hanyar alheri suka nufa, amma ruwa bai tambayi niyyarsu ba. A watan Mayun shekarar nan kuma wani jirgin ya nutse a kusa da Warra ta Jihar Kebbi, a yankin tafkin Kainji, da mutane masu yawan gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Girman matsalar ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kanta.

Yaron da ya saba wanka a kududdufin unguwa ko a rafin ƙauyensu yana ɗauka ruwa duk ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ruwan dam ya kwanta ne a kan ƙasar da a da gonaki ce da daji da kwazazzabai. A ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwa, da tsohuwar hanyar kogi mai zurfi, da ramuka. Mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya sai ya ji babu ƙasa. A lokacin bazara, wanda a 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah take faɗowa a cikinsa, ruwan yana ja da baya ya bar laka mai kama ƙafa. Saman ruwan yana da ɗumi, ƙasansa kuwa sanyi ne mai ɗaure jijiya. Ga ragar masunta da aka shimfiɗa ba a ganinta. Babbar Sallah kuma tana zuwa a farkon damina, lokacin da hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, iska ta tayar da igiyar ruwa a fili mai faɗin da babu abin da zai tare ta. Mafi haɗari duka shi ne hanyar ruwan da aka yi wa daɓen siminti: gefenta a tsaye yake, gansakuka ta sa shi santsi, ruwan yana gudu, wanda ya faɗa ko gwani ne ba ya samun abin kamawa.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne, mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa yana neman numfashi ne, ba shi da sararin kira. Yaro yana iya nutsewa a tazarar taku goma daga inda mahaifiyarsa take zuba abinci, ba ta ji komai ba.

Na taɓa raka ɗaliban wata Islamiyya irin wannan fita. Mai jirgin da muka samu ya dubi yaran ya ce duk za su shiga a sahu ɗaya, alhali ko rabinsu jirgin bai kamata ya ɗauka ba, kuma babu rigar kariya ko guda. Da na ƙi, sai ya ce: "Haba Malam, kai da kake gaya mana komai sai da ikon Allah?" Na ce masa haka ne, kuma da ikon Allah ne za a yi sahu uku, in biya kuɗin sahu uku. Ya yi dariya, ya karɓi kuɗinsa. Har yau maganarsa tana damuna, domin da harshenmu na masu wa'azi ya kafa hujja a kaina.

Tsakanin ƙaddara da sakaci

Idan irin wannan musiba ta auku, kalmar da take fara fitowa daga bakinmu ita ce "kwana ne ya ƙare", sai a ƙara da cewa ai wanda ruwa ya ci shahidi ne. Duka biyun gaskiya ne. Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya nutse yana cikin waɗanda aka ƙidaya a shahidai, kuma malamai sun bayyana cewa shahada ce ta Lahira, don haka ana yi masa wanka da salla kamar kowane mamaci. Wannan bushara ta mamaci ce, kuma ta'aziyya ce ga iyayensa. Ba takardar wanke laifi ba ce ga wanda ya yi lodin jirgin, ko malamin da ya kwashi yara sittin shi kaɗai, ko uban da ya miƙa wa ɗansa kuɗin mota bai tambayi da wa zai tafi ba.

Shari'a ba ta san wannan gajeriyar hanya ba. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum kai kansa ga halaka. Imam Ahmad ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya kwana a saman soron da ba shi da katanga, da wanda ya hau teku a lokacin da take ambaliyar igiya, cewa idan suka mutu su suka jawo wa kansu. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma da aka tuhume shi da gudun ƙaddara bai ga wani saɓani tsakanin imani da ƙaddara da ɗaukar mataki ba. A babin diyya, malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan wanda ya zama sanadin salwantar rai ta hanyar sakaci, ko da bai yi nufi ba. Malikawa sun ma ƙara da cewa wanda yake da ikon ceton mai halaka ya ƙi, yana ɗaukar lamuni. Mai salla yana yanke sallarsa don ceton wanda ruwa zai ci, mai azumi yana karya azuminsa idan ceton ba zai yiwu ba sai da haka.

Sai dai a nan ma akwai gyara. Sau da yawa gawa biyu ake tsamowa maimakon ɗaya, saboda aboki ya faɗa ceton aboki alhali shi ma bai iya ruwa ba, ko ya iya amma wanda ke nutsewa ya riƙe shi da ƙarfin firgita. Wajibin ceto yana kan mai iko. Wanda bai iya ba, nasa shi ne ya yi kururuwa, ya miƙa doguwar sanda ko gora ko rawani, ya jefa igiya ko jarkar da babu komai a cikinta an rufe bakinta. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a daina abin da muka saba na danna ciki ko ɗaga shi ƙafa sama don wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a buɗe masa hanyar iska, a hura masa numfashi baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, a nemi asibiti. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi a duba shi, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan sa'o'i. Ina ganin lokaci ya yi da makarantun Islamiyya za su gayyaci ma'aikatan lafiya su koya wa malamai da manyan ɗalibai wannan aiki a aikace, kamar yadda muke koya musu wankan gawa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo. Mu mun bar wannan ga 'ya'yan masunta, sannan muna kai namu bakin ruwa.

Fitsari a ruwa da ciwon tsargiya

Akwai wata cutar da ba ta kisa nan take, don haka ba a yi mata zaman makoki. Mu da muka tashi a karkara mun san yadda ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji kamar alamar balaga. Ba balaga ba ce, tsargiya ce. Mai ɗauke da cutar idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar suna fita su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, su hayayyafa a cikinsa, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, taɓawa ta isa. Madatsu da hanyoyin ban ruwa suna daga wuraren da wannan dodon koɗi ya fi samun mazauni. Idan cutar ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana kuma taɓa mahaifar mata. Maganinta, wanda ake kira praziquantel, sananne ne a asibitoci, kuma ana raba shi a makarantu a wasu yankuna.

Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, kuma ya yi gargaɗi a kan yin bahaya a mashayar mutane da hanyarsu da inuwarsu. Da wannan hani kaɗai aka kiyaye, da an yanke wa tsutsar nan hanya. Duk wanda ya kai iyali bakin dam, ya fara neman inda makewayi yake kafin ya nemi inda ake sayar da kifi. Wanda kuma ya ga jini a fitsarin ɗansa bayan makonni da dawowa, ya kai shi asibiti ya faɗi inda suka je.

Ta fuskar tsarki, ruwan dam mai tsarki ne mai tsarkakewa, ko da launinsa ya sauya saboda laka ko gansakuka, domin sauyin da ya zo daga mazaunin ruwa ba ya fitar da shi daga hukuncinsa. Alwala da shi ta inganta. Amma ingancin alwala daban, lafiyar fata daban, don haka na fi son a tafi da ruwan alwala daga gida a jarka.

Sauran hukunce-hukuncen gajeru ne. Daga birnin Kano zuwa Tiga bai kai tazarar ƙasaru ba a mazhabar Malikiyya, wadda take mil 48, wato sama da kilomita 80, saboda haka Azahar da La'asar huɗu-huɗu za a yi su. A tsara shiga jirgi yadda ba zai ci lokacin salla ba, tunda zagayen na ɗan lokaci ne kuma tudu yana kusa. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ba ta sauka don an zo bakin ruwa, gajeren wandon ƙwallo bai wadatar ba. Mata suna da haƙƙin shan iska kamar kowa, kuma magidancin da yake tafiya da abokai kowace Sallah ya bar matarsa da wanke-wanke ya sake tunani. A zaɓar musu wuri mai sutura nesa da cunkoson samari. Ɗaukar hoton matan mutane da waya a watsa a intanet ba tare da saninsu ba cin amana ne, ko da an kira shi raha. Robobin lemo da ledojin da ake bari a bakin ruwa kuwa, iska tana mayar da su cikin ruwan da masunta ke neman abinci, wanda kuma ƙarshensa gonar wani ne ko randar wani.

A nan zan ɗan ratse. Ruwan da muke zuwa kallo yana da masu shi a can ƙasa. Tun bayan gina Tiga, da Challawa da aka kammala a 1992, ambaliyar da take shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, manoma da masunta da makiyayan can sun ji a jikinsu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ɗalibin da ya karanta babin haƙƙin ruwa a fiƙihu, inda na sama yake shayar da gonarsa gwargwado ya saki wa na ƙasa, ga mas'alar nan a gabansa da girmanta.

Dattijon nan ya dawo mini bayan Sallah. Sun je su goma sha ɗaya a mota guda, manya huɗu, yara bakwai, an raba wa kowane babba yaran da zai sa wa ido da sunayensu. Sun isa da hantsi, sun ci abinci a nesa da gaɓa, babu wanda ya shiga wanka. Yaran sun so hawa jirgi, ya ce sai mai rigar kariya, aka samu guda huɗu kacal, don haka aka yi sahu biyu, shi kuma ya tsaya a tudu yana ƙirga kawuna. Sun yi La'asar a can, suka kamo hanya tun rana ba ta yi ja ba, saboda titin Zariya da daddare a ranar Sallah shi ma wani ruwan ne. Ya ce ƙaramar jikarsa, mai shekara shida, tun a mota take tambayarsa inda ruwan yake tafiya idan an buɗe ƙofar dam ɗin, shi ya sa ya yi musu alkawarin idan rani ya zagayo zai kai su Kadawa su ga gonakin tumatir.